Daga Sabon Gari Zuwa Gonakin Karkara: Yadda Cocin Katolika Ya Zauna a Ƙasar Kano

Duk wanda ya kama hanyar Katsina daga Kano, ya wuce Dawanau da Bichi, sai ya ratsa ƙasar Tsanyawa kafin ya tsallaka iyakar jiha. Ƙasa ce ta noma wadda ba a barin ko taki ɗaya ya kwana banza: gona na jingine da gona, ƙauye na hango ƙauye, gero da dawa da wake da gyaɗa suna cin ƙasa guda. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 157,680 a wannan ƙaramar hukuma mai faɗin murabba'in kilomita 492, kuma mafi rinjayensu Musulmi ne tun kaka da kakanni.

Akwai kuma wata taswira da yawancin mazauna yankin ba su taɓa gani ba. A lissafin Cocin Katolika, Tsanyawa tana cikin Dayosis ɗin Kano, wato yankin da bishop ɗin Kano yake kula da shi, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa. Da an ƙetara zuwa jihar Katsina kuwa, an shiga wani dayosis na dabam, sabo fil, wanda aka kafa a 2023, kuma wanda yake jagorantarsa Bahaushe ne haifaffen Malumfashi. Shekaru ɗari da suka wuce, da wuya a sami wanda zai yarda cewa haka za ta faru. Yadda aka yi ta faru, da kuma mutanen da suka ɗauki nauyin tafiyar a wuyansu, labari ne da ya kamata Musulmi da Kirista na wannan ƙasa su sani, domin labarin maƙwabtansu ne.

Ƙofar da ta daɗe a rufe

Tarihi ya nuna cewa tun a 1710 wasu limaman Katolika biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo da Genova da Severino da Silesia, suka taso daga Tarabulus suka keto Sahara ta Agadas. Sun iso Katsina, cuta ta kama su, suka rasu a can a 1711 ba tare da sun bar mabiya ba. Daga nan sai da aka yi kusan ƙarni biyu kafin a sake jin ɗuriyar Katolika a wannan sashe.

Da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, jagoransu Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addininsu ba. A aikace, wannan ya sa aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. Saboda haka limaman ƙungiyar SMA, waɗanda suka riga suka taɓa zama a Lakwaja tun 1884, sai suka nufi ƙasar Filato. A watan Fabrairun 1907 Fada Oswald Waller da abokan aikinsa biyu suka sauka a Shendam, kuma daga wannan tasha ce aikin Katolika a Arewa ya yaɗu.

Kano kuwa, jirgin ƙasa ne ya kawo mata cocin. Dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari bayan shekara biyu domin ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa da suka taho daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Cikinsu akwai 'yan Katolika, sai limamai suka biyo su don yi musu hidima. Wannan ya sa tun daga tushe mutumin birni ya ɗauki cocin a matsayin abin baƙi, abin da ke bayan ganuwa. A 1948 matan zuhudu na ƙungiyar St Louis suka zo Kano daga ƙasar Ayilan, kuma makarantar 'yan mata ta St Louis da ke Bompai ta zama ɗaya daga cikin sanannun makarantun jihar, inda 'ya'yan Musulmi da na Kirista suka yi karatu a aji ɗaya. Ta hanyar makaranta da asibiti ne yawancin Kanawa suka fara sanin cocin.

Maguzawa da zaɓin da ya zo musu

A karkara labarin ya sha bamban. Tun kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da bayansa, akwai Hausawan da suka ci gaba da riƙe addinin gargajiya, ana kiran su Maguzawa. A ƙarƙashin daular Sakkwato suna biyan jiziya, ana barin su da gonakinsu da al'adunsu. An san su da ƙarfin noma, da manyan gidaje masu gandu, da mata masu nasu gayauna da nasu rumbu. Masani Joseph Greenberg ya zauna cikinsu a ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, daga baya Murray Last ya yi nasa zaman a yankin Malumfashi, kuma rubuce-rubucensu sun nuna al'umma mai cikakken tsari, ba saniyar ware ba.

Daga tsakiyar ƙarni na 20 duniya ta fara matse wannan rayuwa. Makarantar boko ta zo, hanyoyin mota suka shiga lunguna, kasuwa ta buɗe, saurayi ya fara jin nauyin a kira shi arne a bainar jama'a. Da yawa sun musulunta, musamman a lokacin rangadin wa'azi na Sardauna Ahmadu Bello tsakanin 1963 da 1965 da kuma shekarun da suka biyo baya. Wasu kuma suka zaɓi Kiristanci. Mishan ɗin SIM, wanda daga gare shi cocin ECWA ya fito, shi ya riga kowa shiga, bayan da aka ba shi damar kula da asibitocin kutare irin na Yadakunya da Babbar Ruga a shekarun 1930. Anglikan suna da tsohuwar cibiyarsu a Wusasa. 'Yan Katolika sun shigo karkarar a makare, amma sun sami gindin zama, musamman ta ɓangaren Malumfashi inda limaman ƙungiyar Dominikan 'yan Amurka suka yi aiki ƙarƙashin Dayosis ɗin Sakkwato, da kuma ƙauyukan kudanci da yammacin Kano.

Abin lura shi ne, gida ɗaya na iya rabuwa uku: wa ya musulunta, ƙane ya zama Kirista, tsohon ya tsaya kan abin da ya gada. Har yau akwai zuri'o'in da ake haɗuwa a suna da biki da jana'iza ba tare da addini ya raba zumunci ba. Hausawa Kiristoci da dama sun fi son a kira su Masihiyawa, kuma suna da ƙungiyarsu, Tarayyar Masihiyawan Najeriya, wadda ta haɗa Hausawa da Fulani da Barebari mabiya Almasihu daga ɗariƙu dabam-dabam.

Yadda aka gina matakan

Cocin Katolika ba ya kafa dayosis dare ɗaya. Yankin Kano ya daɗe ƙarƙashin Kaduna, wadda ta zama dayosis a 1953, ta kuma zama babban dayosis a 1959. A ranar 22 ga Maris 1991 aka yanke Kano aka mai da ita yankin mishan mai cin gashin kansa, Fada John Brown na ƙungiyar SMA yana riƙe da shi. A 1995 aka ɗaga matsayinta mataki ɗaya, sannan a 1999 ta zama cikakken dayosis. Bishop na farko shi ne Patrick Sheehan, mutumin Ayilan ɗan ƙungiyar Agustiniyan, wanda ya riga ya yi shekaru fiye da 25 yana bishop a Yola. Da ya yi ritaya a 2008, sai John Namaza Niyiring ya gaje shi, shi ma ɗan wannan ƙungiya. Kujerarsa tana babban cocin Our Lady of Fatima da ke Sabon Gari.

Ga mutumin ƙasar Hausa, fahimtar tsarin ba shi da wuya, domin ya yi kama da abin da ya sani na sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa. Bishop ne ke riƙe da dayosis. An kasa dayosis zuwa gundumomi da ake kira farish, kowanne da limaminsa, wanda jama'a ke kira Fada. Ana tattara farish-farish da ke kusa da juna su zama rukuni ƙarƙashin wani babban limami. A ƙarƙashin kowane farish na karkara kuma akwai ƙananan majami'u na ƙauyuka, wani lokaci goma, wani lokaci fiye, waɗanda ba su da limami zaunanne.

Dayosis-dayosis na shiyya ɗaya suna haɗuwa su zama lardi. Najeriya tana da larduna 9, kuma Kano tana lardin Kaduna tare da Zariya da Sakkwato da Katsina da Kafanchan da Minna da Kwantagora, inda Akbishop Matthew Man-Oso Ndagoso yake shugabanta tun 2007. Sai dai akbishop ba ubangidan bishop ba ne. Fafaroma ne ke naɗa kowane bishop, kuma gare shi yake ba da bahasi kai tsaye. Doka ta tanadi bishop ya miƙa rahoton yankinsa ga fadar Batikan duk shekara biyar, ya kuma miƙa takardar ajiye aiki idan ya cika shekara 75. A matakin ƙasa bishop-bishop suna da majalisarsu mai sakatariya a Abuja, kuma cocin yana ɗaya daga cikin rukunoni biyar da suka haɗu suka yi ƙungiyar Kiristoci ta CAN, wadda aka kafa a 1976.

Wani abin da ya ƙara kusantar da Kano da Roma shi ne zaɓen da aka yi ranar 8 ga Mayu 2025, inda Robert Prevost ya zama Fafaroma Leo na 14. Shi ma ɗan Agustiniyan ne, kamar bishop ɗin Kano, kuma a lokacin da yake shugabantar ƙungiyar a duniya tsakanin 2001 da 2013 ya ziyarci Najeriya sau da dama.

Mutumin da ke riƙe da ƙauye

Duk wannan gini mai hawa-hawa, a karkara yana tsaye ne a kan kafaɗar mutum ɗaya: katikis, wato malamin da ke koyar da rukunan addini. Samar da limami ɗaya yana cin shekara kusan tara ko goma na karatu bayan sakandare, a manyan makarantu irin su St Augustine da ke Jos da Good Shepherd da ke Kaduna, kuma limamin ba ya aure. Limamai ba su isa ko'ina ba. Ƙauyen da ke nesa yana iya yin makonni bai ga Fada ba, musamman da damina idan hanya ta yanke.

Katikis kuwa ɗan gari ne. Yana da mata da 'ya'ya, yana da gona, yana fita da fartanya da sassafe kamar kowa. Ranar Lahadi shi ne zai buɗe majami'a, wadda sau da yawa ginin ƙasa ce da rufin kwano, ya karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, ya yi bayani, ya ja addu'a. Shi ke shirya masu neman baftisma, abin da kan ɗauki shekara biyu ko fiye ga babba. Shi ke koyar da yara, ya duba marar lafiya, ya tsaya a kan gawa, ya sasanta miji da mata. Idan rai ya yi halinsa kuma babu limami kusa, yana iya yin baftisma. Amma akwai iyakar da ba ya ƙetarewa: ba ya keɓe gurasa da ruwan inabi na Jibin Ubangiji, ba ya sauraron furta zunubi. Waɗannan sai Fada ya zo a kan babur ko tsohuwar motarsa, ranar ta zama ranar taro, a yi baftisma da ɗaurin aure da Misa, wato babbar ibadar Katolika, gaba ɗaya.

A Malumfashi akwai cibiyar horar da irin waɗannan malamai da Hausa, wadda ta yi shekaru tana yaye su zuwa sassan Arewa. Cocin na duniya ma ya amince da nauyin aikin nasu: a watan Mayun 2021 Fafaroma Francis ya fitar da takardar da ta mai da aikin katikis muƙami tabbatacce a tsarin cocin. Abin da ya rage shi ne a ga tasirin takardar a aljihun malamin, domin ladan da yawancinsu ke samu bai taka kara ya karya ba, noma ne ke ciyar da su.

Ginshiƙi na biyu bayan katikis shi ne Zumuntar Matan Katolika. Duk wanda ya taɓa halartar taron coci a Arewa ya ga matan nan cikin anko, da tulun kiɗa da kacau-kacau, suna rera waƙoƙin yabo da Hausa. Aikinsu ya wuce waƙa. Su ke tara gudummawa idan an yi haihuwa ko rashi, su ke dafa abincin taro, su ke riƙe adashi, su ke tsayawa wa gwauruwa da maraya. Akwai kuma zumuntar maza da ƙungiyar matasa da mawaƙa, da kwamitin dattawa da ke ba limami shawara. Kuɗin tafiyar da coci yana fitowa ne daga baiko na Lahadi da kuma godiyar kaka, lokacin da manomi zai kawo damin dawa ko kwanon wake ko ɗan akuya, a yi gwanjonsu a haraba. A wasu wurare akwai gonar coci da ake nomewa da gayya.

Da Hausa ake yin duk wannan, kuma hakan yana da tarihi. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma har zuwa shekarun 1960 da Latin ake yin Misa a kusan ko'ina a duniya, sai babban taron Batikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya ba da damar a yi da harsunan jama'a. Wannan sauyi ne ya sa manomin Karaye ko Kafur zai iya jin kowace kalma da ake faɗa a gaban bagade.

Ɗan gida a kan kujera

A ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanki Katsina daga Dayosis ɗin Sakkwato, wanda Bishop Matthew Hassan Kukah ke jagoranta tun 2011, ya naɗa Gerald Mamman Musa bishop na farko. An keɓe shi ranar 12 ga Disamba na shekarar. An haife shi a Malumfashi a 1971, masanin harkar sadarwa ne da ya koyar a cibiyar karatu ta Katolika da ke Fatakwal, kuma shi ake ƙirgawa a matsayin Bahaushe na farko da ya kai wannan muƙami. Ga ƙananan majami'un da ke warwatse tsakanin Kano da Katsina, naɗin ya amsa wata tambaya da ta daɗe tana damunsu, ta ko ɗan Bamaguje ko ɗan katikis zai iya kaiwa ƙololuwa a cocin da Turawa da mutanen Kudu suka kawo. A ƙetaren iyaka ma akwai Dayosis ɗin Maraɗi da aka kafa a 2001, inda Hausa take cikin manyan harsunan ibada.

Raunukan da ba su warke ba

Ba za a yi adalci ba idan aka ɓoye wahala. Kano ta ga tarzomar addini a 1982 da 1991 da 2004, kuma kowacce ta bar gawawwaki da ƙonannun wuraren ibada. Ranar 29 ga Afrilu 2012 'yan bindiga suka far wa masu ibadar Lahadi a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Ranar 27 ga Yuli 2014 aka jefa bam a cocin St Charles da ke Sabon Gari jim kaɗan bayan an tashi Misa. Wata huɗu bayan haka, ranar 28 ga Nuwamba, masu irin wannan ta'asa suka kashe Musulmi fiye da ɗari a Babban Masallacin Juma'a na Kano. Hannu ɗaya ne ya zubar da jinin Kirista da na Musulmi.

Yanzu kuma 'yan fashin daji ne. A watan Mayun 2021 aka kashe Fada Alphonsus Bello a cocin St Vincent Ferrer da ke Malumfashi, aka sace dattijo Fada Joe Keke. Bayan shekara ɗaya aka sace limamai biyu a Gidan Maikambo da ke ƙaramar hukumar Kafur. A baya-bayan nan masifar ta fara tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kuma ɓarawon da ya zo korar shanu ko ɗaukar mutum ba ya tambayar wace alƙibla ake kallo a gidan.

Akwai kuma koke-koken da shugabannin Kiristocin Hausawa suka daɗe suna maimaitawa: wahalar samun fili da takardar izinin gina coci ko maƙabarta, rashin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da jan ƙafa wajen ba 'ya'yansu takardar shaidar zama 'yan asalin ƙaramar hukuma. Wannan na ƙarshe shi ya fi ciwo, domin ana yi wa mutumin da kakanninsa suke kwance a wannan ƙasa tun kafin a gina ganuwar wasu garuruwa kallon baƙo. A ɗaya gefen kuma, idan ya je Kudu, sunansa da harshensa su sa a ɗauke shi Musulmi, ya sha irin zargin da ake yi wa ɗan Arewa.

Cocin ma yana da nasa aikin a gabansa. Majami'un birni, inda 'yan kasuwa da ma'aikata suke, sun fi na ƙauye ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ana buƙatar ƙarfin nan ya riƙa gangarowa karkara ta hanyar makaranta da ɗakin shan magani da rijiya. Hukumar cocin mai kula da adalci da raya ƙasa da zaman lafiya, wadda ake samu a kowane dayosis, an kafa ta ne don irin wannan aiki, kuma rijiyar da ta haƙa kowa ke sha. Ana kuma buƙatar ƙarin limamai da suka tashi da Hausa a bakinsu, suka san ma'anar gandu da gayya da kunyar surukai, suka san yadda za a yi da dattijon da ya zo neman baftisma alhali yana da mata biyu.

Abin da ke wuyan kowa

A 1965 babban taron Batikan ya fitar da sanarwar da ta ce cocin yana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya, masu darajanta Annabi Isa da mahaifiyarsa Maryamu. Fafaroma John Paul na 2 ya zo Kaduna a 1982, ya kuma gana da shugabannin Musulmi a Abuja a 1998. A 2019 Fafaroma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantakar ɗan Adam a Abu Dhabi. A gida kuma akwai majalisar addinai ta NIREC da aka kafa a 1999, wadda Sarkin Musulmi da shugaban CAN ke shugabanta tare.

Waɗannan duka suna da amfani, amma ba a zauren taro ake gwada su ba. Ana gwada su ne a ofishin ƙaramar hukuma ranar da yarinya mai suna Rifkatu ko Saratu ta zo neman takardar 'yar ƙasa, da gaban dagaci ranar da aka zo neman filin binne mamaci, da kuma cikin wa'azin limamin Juma'a da na katikis ranar Lahadi. Hakimai da dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi na yankin Tsanyawa da Bichi da Shanono da sauran ƙasar Kano suna da ikon sauƙaƙa waɗannan al'amura ba tare da an kashe ko sisi ba. Shugabannin cocin kuma su ci gaba da tarbiyyar mabiyansu a kan girmama addinin maƙwabtansu da shiga duk wani aikin gayya na gari. Manomin da ke zuwa masallaci da wanda ke zuwa majami'a fari ɗaya ke cinye amfaninsu, tsadar taki ɗaya ke hana su barci, ɗan bindiga ɗaya ke korar su daga gona, don haka kare haƙƙin ƙaramin cikinsu wajibi ne a kan babban.